Kafin Ganuwar Dornbruck Ta Tsage

Da sunan Allah mai ba da rai, wanda ba ya neman izinin kowa ranar da zai karɓi abinsa.

Ni ne Volkmar na gidan Eschwald, kanar a rundunar Yarima kuma gwamnan Dornbruck, garin da sojojin Janar Halvarsen suka yi wa ƙawanya tun kafin kogi ya daskare. Ina wannan magana da cikakken hankalina. Ƙafata ce ta ruɓe, ba kaina ba. Igwa ta watso ɓarɓashin dutse ya same ni a kan ganuwa, likita ya yanke ƙafar daga gwiwa, amma baƙin ya riga ya haura cinya. Na ga irin wannan ciwo a jikin mazaje da yawa, na san inda yake kai mutum. 'Yata Ottilie ce ke rubutawa kamar yadda ta saba, tunda yatsu biyu kawai yaƙi ya bar mini a hannun dama. In kun ga tawada ta ɓaci, ko dai igwa ce ta girgiza tebur, ko kuwa Ottilie ce ta ƙi jin magana, don na ce kada ta yi mini kuka a kan takarda, takarda ta yi wuya a garin nan.

Ku uku nake wa magana: Lamprecht babba, mataimakina a kan dakarun gari, sai Ottilie, sai Wendelin auta, mai tsaron Ƙofar Kogi. Ba sai na mutu za a karanta ba. Yau za a karanta, a ɗakin nan, ƙofa a kulle, ina kwance ina jin ku, kuma kowa ya bar takobinsa a waje. Na sa a rubuta ne domin in da baki zan faɗa, kafin in kai tsakiya ɗayanku ya katse ni, ni kuwa numfashin gardama ya ƙare mini.

Kuna tsammani ban ji abin da ya faru ranar Lahadi a zauren cin abinci ba. Bango ɗaya ne tsakanina da ku. Na ji Wendelin yana cewa, "Yaya, a Unguwar Majema fata suke dafawa suna ba yara. A buɗe ƙofa yau kowa ya huta." Na ji Lamprecht ya daki tebur ya ce, "Kai dama tun kana goye matsoraci ne. Jikan Hartwig ba ya buɗe ƙofa. Ranar da suka hau ganuwa, da hannuna zan cinna wa hasumiyar albarushi wuta, mu tafi tare da su." Sai na ji ƙarar ƙarfe yana fita daga kube, har biyu. Sai muryar 'yar'uwarku tana cewa duk mai son saran ɗan'uwansa ya fara da ita. Na fi shekara arba'in ina yaƙi. An harbe ni, an kama ni, dawakai sun mutu a ƙarƙashina, amma ban taɓa jin tsoro irin na ranar nan ba, ina kwance ba ƙafar tashi.

Ku biyun duk kun ɓata. Ɗaya yana so ya yi sammako, ɗaya yana so ya makara, kuma rayukan mutanen garin nan ne a tsakaninku. Zan zo kan wannan. Bari in fara sallamar ƙananan abubuwa.

Na farko. Gidan Eschwald da gonakinsa da dazukansa da gidan niƙan da ke bakin rafi na Lamprecht ne, bisa al'adar gidanmu. Kada ka ɗauka wata daula na bar maka. Zuwana na ƙarshe na tarar rabin gonakin sun koma daji, kyarketai suna zuwa har bakin rijiya, manoman da suka rage ba su cika rabin coci ba. Wurin yana buƙatar maigidan da zai zauna ya gyara rufi, ya aika a kira waɗanda suka gudu, ya ɗage musu haraji har sai sun miƙe. Matarka Sibylla tana can da ɗan da ba ka taɓa gani ba. Gawa ba ta cin gado, Lamprecht, balle wadda za a tsinto gunduwa-gunduwa a kan rufin mutane.

Na biyu. Wendelin, gonar inabin da ke gangaren kudu taka ce, da ƙaramin gidan cikinta, da littattafaina, tunda kai kaɗai ne ka taɓa buɗe su ba don neman abin hura wuta ba. Ka ɗauki sulkena ma. Da shi na bar gida ina ɗan shekara sha shida, ɗa na uku wanda ba a ware wa ko taki ɗaya na ƙasa ba, a kan dokin aro, sulken yana yi mini yawa har ina ƙara kamar tukunyar da aka sa wa cokali. Yayyena biyu ne yaƙi ya cinye, Eschwald ya faɗo hannuna ban nema ba. Na faɗa maka wannan don ka san zama auta ba hukunci ba ne.

Na so in bar maka dokina Rabe, shi kaɗai ya rage a barga, sauran duk mun cinye su. Ba zai yiwu ba. Gobe ka ja shi da kanka zuwa Unguwar Majema a yanka, a raba gida-gida, a fara da masu yara. Ka riƙe masa kai kana yi masa magana, ba ya son baƙon hannu. Ya sha fitar da ni daga wuraren da ba a fita da rai. Rumbun gidan gwamna kuma a buɗe shi. Hatsin da aka ajiye wa hafsoshi a kai gidan burodi, giyar a kai wa masu rauni. Ba dogon zama ya rage mana a nan ba, tanadi ba shi da sauran amfani.

Na uku. Ottilie, gidan mahaifiyarku da duk kayanta naki ne, ba mai sa miki baki a ciki. Zoben hatimina daga yau yana hannunki, da makullan ƙofofin gari. Na san za a yi gunaguni, wai mace da makullan gari. Masu gunagunin su shigo su faɗa mini ido da ido, in sun iya jure warin ɗakin.

Na huɗu. Hoton kakanku Hartwig, mahaifin mahaifiyarku, wanda Lamprecht ya ɗauko daga Eschwald ya rataya a zauren nan.

Lamprecht, tun kana ƙarami kake tsayawa gaban hoton nan kana turo ƙirji. Ka haddace waƙar da aka yi masa, Zakin Grauenfurt, kafin ka haddace addu'ar barci. To ni ina garin Grauenfurt lokacin. Shekarata sha tara, ni ke riƙe masa tuta. Abin da waƙar ta faɗa gaskiya ne, sai dai ta tsaya inda ya yi mata daɗi.

An yi mana ƙawanya kamar yadda aka yi mana yanzu. Ganuwa ta tsage ta gabas, giɓin da amalanken ciyawa zai wuce bai gogi dutse ba. Abokan gaba suka aiko mai busa ƙaho, aka shigo da shi ido a ɗaure kamar yadda ake yi, ya ce janar ɗinsu yana gaisuwa, yana neman makullai karo na ƙarshe. Kakanku yana zaune a kan ganga yana yankar cuku da wuƙa. Ko miƙewa bai yi ba. Ya ce, "Ka gaya wa ubangidanka makullan sun faɗa rijiya. In ya iya nutso, ya zo ya ɗauka." Muka kwashe da dariya gaba ɗayanmu. Ranar nan kowa a wurin ji yake ya fi mutuwa ƙarfi.

Da gari ya waye suka hau giɓin. Mun kashe musu mutane har gawa ta zama matakala. Kakanku ya faɗi tun rana ba ta ɗaga ba, harsashi ɗaya a maƙogwaro, takobi a hannu, mutuwa mai tsabta irin wadda masu zane ke so. Bai ga komai daga abin da ya biyo baya ba. Mu hafsoshi kuwa aka tattara mu a ɗakin majalisar gari aka sa mana gadi, har miya aka ba mu, domin ɗan babban gida fansa ake nema da shi, ba a ɓarnatar da shi. Ta taga muka kalli sauran. Kwana uku gari na sojan da ya hau giɓi ne, haka dokar yaƙi take, janar ɗinsu da kansa ya koma tantinsa ya saki labule. Mai gidan burodi, da matar mai ɗinkin takalmi, da tsofaffin da suka fake a coci, ba wanda ya aika musu mai ƙaho, ba wanda ya tambaye su ko sun yarda da maganar rijiya. Ba zan sa Ottilie ta rubuta abin da idona ya gani ba. Abin da zan ce kawai, a rana ta biyu kukan ya ragu, kuma har yau shirun nan nake ji in na rufe ido, ba kukan ba.

Da aka sake mu na bi gari ina neman iyalin kakanku. Na sami mahaifiyarku Walburga a ramin majema, ta kutsa ƙarƙashin ɗanyun fatu, tana can tun ranar farko. Mahaifiyarta da ƙannenta biyu ba a samu ko abin binnewa ba. Na kai ta gidan gwaggona, bayan shekaru muka yi aure. Kun tashi kuna ganin ba ta cin abinci a babban zauren Eschwald, kuna cewa sanyin wurin ne ba ta so. Hoton ne. Mahaifina ya rataye shi don alfahari da surukuta, ita kuwa ba ta taɓa buɗe baki ta ce a sauke ba. Sau ɗaya tak ta yi maganarsa, ranar da ta ji kana rera waƙar a tsakar gida da takobin katako. Ta ajiye ɗinkinta ta ce mini, "Volkmar, babana ya sayi waƙa da ran gari guda, kuma ran ba nasa ba ne. In ka bar yaron nan ya gaje shi, ban yafe maka ba." Daga nan ta ɗauki allurarta ta ci gaba.

Saboda haka a sauke hoton yau. Katakon jikinsa a kai asibiti a hura wuta. Zanen ka naɗe ka tafi da shi in kana so. Kakanka ne, kuma jarumi ne, ban ce ba jarumi ba ne.

Na biyar. Kai kuma Wendelin, kada ka ga ina yi wa yayanka faɗa ka ɗauka na ba ka gaskiya. Tausayinka na gaske ne, amma tausayin da bai san lokaci ba shi ma kisa yake yi. Ina da aboki, Anselm Rodt, wanda muka yi shekaru muna ci a kwano ɗaya. Aka ba shi riƙon wani ƙaramin gari, yunwa ta shiga, ya buɗe ƙofa alhali ganuwarsa ko tsaguwa ba ta yi ba. Abokan gaba suka ga mutumin da ba shi da abin ciniki, suka ƙi rubuta masa ko sharaɗi ɗaya, suka kwashe garin a tsanake, suka tura dakarunsa cikin rundunarsu dole. Shi kuma namu suka fille masa kai a kasuwa, ina cikin waɗanda aka jera su kalla. Aka fasa tambarin gidansa da guduma, aka kori matarsa da 'ya'yansa daga su sai kayan jikinsu.

Ƙofar da al'ada ta bar wa gwamna ƙarama ce, ku kasa kunne ku biyun. Kafin ganuwa ta tsage, buɗe ƙofa cin amana ne. Bayan an hau giɓi kuma ba sauran magana, wasoso ne. Tsakanin biyun akwai ɗan lokaci: ganuwa ta faɗi, gwalalon da ya kewaye ta ya cike, mai ƙaho ya zo karo na ƙarshe. A nan ne kaɗai mutum ke miƙa gari ya fita da mutuncinsa, ganga na tashi, tuta a sama, lagwanin kunna kowace bindiga yana ci da wuta ta baki biyu, kowane soja da harsashi a bakinsa, a kuma rubuta a sa hannu cewa ba za a taɓa ran ɗan gari ba, ko gidansa, ko cocinsa. Halvarsen ya san wannan. Sau biyu muna karawa da shi a fili, ni na raba shi da kunnen hagu, shi ya raba ni da dokin da na fi so kafin Rabe, kuma ban taɓa jin ya saɓa abin da ya sa wa hannu ba. Amma sojojinsa sun sha hunturu a cikin rami, ciki ba komai. In suka zubar da jininsu a kan giɓinmu, ko shi ba zai iya riƙe su ba.

Kroll, shugaban masu igwarmu, ya ce bangon da ke kusa da Ƙofar Majema ba zai ga wata Lahadin ba. Ku riƙe har ya faɗi. Ranar da mai ƙaho ya zo, a karɓe shi da mutunci, a ba shi abin sha in akwai, kada wanda ya yi masa ba'a ko da murmushi. A sa tsoho Jost mai ganga ya hau ganuwa ya buga gangar sulhu nan take, ba a ce sai gobe ba. A cikin sharuɗɗan ku nemi amalanke don masu raunin da ba za su iya takawa ba, kada a bar ko ɗaya a baya, mutanen nan sun ci ɓera saboda ni. Kuma kada wanda ya ce mini ana jiran gudummawa. Tun kaka Yarima yake aikowa wai runduna tana tafe. Na bauta masa, na bauta wa mahaifinsa, na san yadda alkawarin gidansu yake in ƙanƙara ta rufe hanya. Kada ganin hadari ya sa ku wanka da kashi.

Na shida. Makullin hasumiyar albarushi, wanda Lamprecht ya rataya a wuya tun ranar Lahadi. Ka taɓa tsayawa ka dubi gidajen da ke jingine da hasumiyar nan? Asibiti ma a gindinta yake. Na kuma ji ka je coci ka ɗora hannu a kan Littafi, a gaban jama'a, ka rantse hannunka ba zai miƙa makullan Dornbruck ba. Ban ce ka karya rantsuwa ba. Makullan gari ba sa hannunka, kuma ba kai za ka miƙa su ba. Rantsuwarka tana nan lafiya lau, ka tafi da abarka Eschwald. Wutar da ka ce za ka cinna kuwa ba rantsuwa ba ce, zafin zuciya ne a kan tebur. Makullin nake so.

Na bakwai. Ottilie, daga nan ki canza takarda, kuma wannan a ƙone ta bayan an karanta. Na san ki, ko tsumma ba kya jefarwa. Wannan ki jefa.

Maganar sandar gwamna ce. Doka ta ce in na mutu ta koma hannun mataimakina, wato Lamprecht. Ban ba ka ba. Ba don ka gaza ba ne. Na ga yadda ka riƙe ganuwar arewa ranar da suka zo da tsani. Ban faɗa maka ba don kada kan ya ƙara girma, amma ranar nan alfahari ya hana ni cin abinci. Dalilin dabam ne. Yarima ya ba da umarni a riƙe garin har mutum na ƙarshe. Ko mun bi al'ada tsaf, sarkin da ya rasa gari wuyan da zai sare yake nema, kuma na ga yadda ake irin wannan shari'a, hukunci yana rubuce kafin a kira mai laifi. Duk wanda sandar nan ke hannunsa ranar da aka buga gangar sulhu, shi hauni zai jira. In kai ne, za su sare ka, su ƙwace Eschwald, ɗanka ya tashi a gidan mutane. In ni ne, sun makara. Ba a sare gawa, kuma ba a ƙwace gado daga ɗan da gari guda ya ji rantsuwarsa a coci.

Saboda haka ba zan mutu ba sai mun fita gari mun ƙetare gadar kogi. Zan yi iya ƙoƙarina in cika wannan da gaske. In jiki ya ƙi, ga abin da za ku yi.

Kada a kaɗa ƙararrawa, kada a sa baƙin kaya, kada a ga jan ido a waje. Ottilie ta ci gaba da shigowa da miya safe da yamma, ta fita da kwano wayam. Wendelin ya riƙa shanyewa, dama ya rame da yawa. A kashe murhu a buɗe tagogi, sanyin Janairu ba zai tona muku asiri ba. Umarni ya ci gaba da fita daga ɗakin nan da hatimina kamar kullum. Kai Lamprecht ka riƙa fitowa daga wurina fuska a murtuke kana cewa tsohon ya ƙi jin shawara, wannan ba sai an koya maka ba. Likita ya sani. Limamin cocinmu, Fada Ambrosius, shi ma ya sani. Da na gaya masa sai ya yi ta juya hularsa a hannu yana cewa, "Ranka ya daɗe, jinkirta binne mamaci ba ƙaramin abu ba ne." Na ce ya zaɓa, ko ya jinkirta ɗaya, ko ya binne unguwa guda a rami ɗaya. Sai ya ce zai yi mini addu'ar a hankali, Allah ba kurma ba ne.

Ranar fita ku sa mini jar rigata ta kanar, da hula mai gashin tsuntsu, da takalmi, ɗaya ya isa. Ku zaunar da ni a kujerar da ake ɗaukata, ku ɗaure ni ta cikin riga da ɗamara, ku saki labule rabi, sanda a kan cinyata. Ni ne a gaba, bayan ganga. Ottilie ta miƙa makullai da sunana. Halvarsen zai cire hula in mun zo wucewa, ƙila ma ya matso da doki ya yi gaisuwa. Kada ku firgita. Tsohon soja ne, in ya gane zai ce gwamna ya gaji, ya ja linzami ya koma. Sandunan gaba na kujerar kuwa ba bawa ba soja, ku biyu za ku ɗauka, Lamprecht a dama, Wendelin a hagu. Gadar tana da santsi. In ɗayanku ya yi sauri ɗaya ya yi nawa, zan zame in faɗo a gaban runduna biyu, kowa ya ga abin da ke cikin rigar. Ku daidaita ƙafa.

Bayan gada akwai ƙaramin coci a mararraba. A nan ku sauke ni, ku ɗaga labule, sannan ku yi kukanku yadda kuke so. Ku ce baƙin ciki ya kashe tsohon a hanya. Mutane za su yarda, don haka suke son labari ya ƙare.

Abin da zai biyo baya shi ne mai wuyar. A fadar Yarima za a ce Volkmar ya tsufa, ya tsorata, ya saki Dornbruck ɗansa yana roƙonsa kada ya yi. Za a kankare sunana daga bangon cocin runduna. Sojoji za su yi mini waƙa a gidan giya, ba irin ta kakanku ba. Ba zan ɓoye muku ba, wannan yana yi mini ciwo fiye da ƙafar. Wata rana wani mai sabon gemu, wanda bai taɓa jin warin albarushi ba, zai tare ka a gaban mutane, Lamprecht, ya ce, "Ashe kai ne ɗan tsohon da ya buɗe ƙofa?" Ka ce masa e, ni ne. Kada hannunka ya je kan takobi, kada ka kira shi fili, kada ka yi bayani. In ka wanke ni, ka tona kanka da ƙannenka. Na san tsayawa a bakin giɓi ya fi maka wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Shi ya sa kai na ba, don kai ne babba.

Duk abin da na mallaka na raba muku, sai abu ɗaya: sunan mutumin da ya miƙa Dornbruck. Wannan nawa ne ni kaɗai, ban ba kowa ko ɓarɓashinsa ba, a binne ni da shi. Ku kai ni Eschwald kusa da mahaifiyarku, ba tuta, ba harbin bindiga. A kan dutsen a rubuta Volkmar mijin Walburga, ya isa. Ita za ta san abin da na saya da sunan.

Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Lamprecht, Allah ya sanyaya maka zuciya, ya nuna maka jikokinka suna gudu a tsakar gidan da ka gyara. Wendelin, Allah ya bar maka tausayinka, ya ƙara masa haƙuri. Ottilie, ke da kika tsaya tsakanin takubba biyu ba sulke, ban san da me zan saka miki ba, Allah ya saka. Ku yafe wa juna maganar ranar Lahadi, yunwa ce da rashin barci suka yi ta. Kowace Kirsimeti ku haɗu a Eschwald, ku ci abinci a babban zaure, a teburin da mahaifiyarku ba ta taɓa zama ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na Dornbruck zai tsage, ba yadda za mu yi da shi. Naku kada ya tsage.

Ottilie, rubuta wannan na ƙarshe, sai ki ajiye alƙalami ki kira su.

Lamprecht, in an karanta an kai nan, kada ka ce komai. Zan rufe idona don kada ka ji kunyar in ga fuskarka. Akwai ƙaramin tebur kusa da hannuna na dama, na sa an kwashe magungunan da ke kai. Ka cire makullin daga wuyanka ka ɗora shi a nan. Igwa ta cinye mini rabin ji, amma ƙarar ƙarfe a kan katako zan ji ta, ɗana. Ina saurare.